Mutum Na Goma

A wani zamani an yi wani ƙauyen Yahudawa mai maza goma cif. A al'adarsu, ba a yi wa mamaci addu'ar jam'i sai maza goma sun hallara.

Wata rana maɗinkin ƙauyen ya yi mafarki wai ya zama waliyyi. Ya jefar da allura, ya haye dutse, ya tare a can.

Da matar maƙeri ta rasu, maƙeri ya hau yana haki, ya ce, "Ɗan'uwa, mu tara ne. Sauko ka cika mu goma."

Maɗinki ya ce, "Ba ka ga ina ganawa da Ubangiji ba?"

Da mahaifiyar masaƙi ta rasu, amsar da masaƙi ya samu ke nan.

Kwanci tashi, sai mahaifiyar maɗinki ta rasu. Ya gangaro a guje, ya tarar da tsohon malaminsu shi kaɗai a ɗakin ibada yana korar kaji.

"Malam, ina sauran? A yi wa Inna addu'a!"

Malam ya ce, "Ai su ma sun yi mafarki, kowa da dutsensa. Hau ka kira su, amma a hankali, suna ganawa da Ubangiji."