Wayar da Ta Bi ta Mangaza

Shekarar da soja suka karɓi mulki, ga fari ya cinye gonaki, Rut tana sakatariya a biro, wato ofishin wata ƙungiyar agaji a Tasawa. Ran nan da magariba ita kaɗai ta rage, Maman Sani mai gadi ya rataye makullai ya tafi salla. Sunayen gidajen da za a ba gero a ƙauyukan Urafane ne a gabanta, har da gidan innarta. In ba su isa Maradi yau ba, motar hatsi za ta wuce su. Sai odinatar, wato kwamfuta, ta ce wai babu rezo, layin intanet ya yanke.

"Kai, wannan tsiya da mi ta yi kama!" in ji Rut.

Ta durƙusa bayan akwatin odinatar, ta zare wayar rezo, ta hure bakinta, ta mayar har ta ji ƙas. Ɗan koren hasken nan bai kama ba. Ta kashe ta kunna, ta sauya rami, ko ƙyas. Sai ta tashi ta bi wayar a jikin bango. Ashe wanda ya ja wayar, don son sauƙi, ta cikin tsohuwar mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, ya ratsa da ita.

Kowa ya san mangazar nan. A yunwar shekara biyar baya, shugaban biron na lokacin ya kulle gero a ciki, wai sai manya sun zo an yi bikin rabo da hoto. Manya ba su zo ba. Geron ya ruɓe, mutane na zaune a bakin ƙofa. Tir da wannan hali!

Rut ta ɗauko makulli ta buɗe.

Wari ya buge ta: ruɓaɓɓen hatsi, fitsarin ɓera, da wani abu mai tsami. Ta toshe hanci. Ta haska toci, ta lalubi wayar. Hannunta ya jiƙe. Yawu ne, mai yauƙi, da ɗuminsa.

An tauna wayar ta rabu biyu. Sawun haƙoran ba na ɓera ba ne.

Ƙurus. Ƙurus.

Bayan buhuna, wata tsohuwa na tsugune, fata da ƙashi, tana cusa baƙin gero da tsutsa a baki. Ƙafafunta ba su taɓa ƙasa.

"Yesu!" in ji Rut.

"Ɗiyata," tsohuwar ta raɗa, "sunana shina cikin takardar?"

"Wa... wace ce ke, Inna?"

"Salamatu ta Danda. Tun wancan karon nike jira."

Ta miƙo hannu. Ya yi ta tsawo.

Rut ta kwasa da gudu, ta koma biro, ta faɗa kan kujera. Warin ya biyo ta, ya tsaya a ƙeyarta. Ta rubuta sunan a jerin, a saman kowa.

Koren haske ya kama. Saƙo ya tafi.

Ran rabo, innar Rut ta sami buhunta. Aka kira Salamatu ta Danda sau uku, shiru. Wani dattijo ya ce ai shi ya ɗauko gawarta a amalanke daga ƙofar mangazar nan. Da aka waiwaya, buhun Salamatu ya zama wofi, bakinsa jiƙe.

Har Rut ta bar aikin, wayar tana nan a rabe biyu, rezo kuwa bai sake yankewa ba. Da sabon shugaba ya ce a dakata da rabo sai baƙi sun iso, sai Rut ta miƙe. Makullin mangazar ta ajiye a gabansa.