Ƙaramin Allon Kabari

A shekarar sanƙarau, Abarshi mai sassaƙa allunan kabari a Madarumfa bai huta ba. Kowane allo yakan zana masa wata da tauraro, ya sa suna.

Wata rana da almuru, wata mata lulluɓe ta tsaya bakin rumfarsa, ba sallama. Ana tsakar rani, amma ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin.

Ta ce, "Ƙaramin allo nake so kafin gobe."

"Wane suna za a sa, baiwar Allah?"

"Lantana Abarshi."

Gizago ya suɓuce masa. Ɗiyarsa ke nan, wadda ya baro kwance da zazzaɓi. Muryar kuwa ta uwarta ce, wadda ya sassaƙa wa allo bara.