Rabin Awa Ba Magana

Ranar da Barkono ta fara ganin likitan haƙorin, ji ta yi kamar ta kwaɗa masa jakar hannunta.

Barkono ba sunanta na yanka ba ne, Babanta ne ya laƙaba mata tun tana rarrafe, kuma duk wanda ya taɓa kushe mata ɗinki a shagonta ya san sunan bai faɗi a banza ba. Tun safe ta rufe shagon ta kawo Baba, tsohon direba, yana dafe da kunci. Sai da suka share awa biyu a kan benci sannan aka kira su.

Likitan saurayi ne siriri mai tabarau, ga sanyin magana mai ƙular da mutum. Ya leƙa bakin Baba, ya ce turamen haƙori uku ne suka ruɓe. Sannan ya tambaya, "Baba, akwai maganin da kake sha kullum?"

"Ƙwayar tsinka jini," in ji Barkono. "Shekara biyu ke nan, tun da ɓarin jikinsa ya so ya shanye. Sai ka cire mu tafi."

Ya ajiye ƙaramin madubinsa. "Yau kam ba zan cire ba, Malama. Sai an gwada jininsa mun ga yadda ya tsinke. Kuma ɗaya bayan ɗaya zan cire su, da safe."

"To ya daina shan ƙwayar mana, jinin ya yi kauri, ka cire su gaba ɗaya."

Nan ne ya ɗago ya kalle ta sosai. "Jinin baki ina da auduga da zaren da zan tsayar da shi. Gudan jini in ya tafi ƙwaƙwalwa, ba ni da abin da zan bi shi da shi. Ko kwana ɗaya kada ya tsallake."

Ya rubuta lambar wayarsa a bayan katin Baba. Ta fizgi katin ba ko godiya. Kafin su kai gida ta tura masa saƙo:

"Mutum yana kuka da haƙori ka sallame shi da wa'azi. Allah ya isa."

Amsa ta dawo: "Amin. Ya sha ƙwayarsa ta yau?"

Haushi ya kusa kashe ta. Abin da ya fi ba ta haushi, sau huɗu ta karanta saƙon.

Haƙori na farko ya fita lafiya. Ta tsaya a kan likitan tana kallo: ya cusa wani ɗan soso a ramin, ya ɗinke dasashin, ya jiƙa auduga da magani ya ce Baba ya cije. Rabin awa ba magana, ba leƙawa. Yini guda ba kurkure baki, ba tofar da yawu, ba abu mai zafi.

"Ɗinkinka a karkace yake," ta ce. "Da a shagona kake da na kore ka."

"A koya min mana."

Daga nan saƙonni suka daina zama na haƙori. Ta sa masa suna Mai Auduga. Shi kuma ya ji sunan da Baba ke kiranta, ya riƙe.

"Barkonona, yau na ɗinke mutum shida, duk ina jin tsoron ki zo duba aiki."

"Ka ji da shi. Ka ci abinci kuwa, ko sai na zo na yi maka faɗa?"

"Zo ki yi. Faɗanki ya fi min gaisuwar wasu."

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Baba, sai ya murtuke fuska. Shi dama akwai wanda yake so mata, ɗan amininsa mai shagon magani a bakin layi, wanda unguwa ke kira Mai Kyamis. Ba dole ya yi mata ba, amma bai ɓoye ra'ayinsa ba.

"Yaron da ya mayar da ni gida da ciwo? Wanda yake ba ni umarni kamar ni ne ɗansa? Ba da yawuna ba."

Mai Kyamis kuwa ya samu abin da yake so. Ya zo gaisuwa ya zauna a tabarma yana kaɗa kai. "Baba, haƙora uku ai aikin yini ɗaya ne. Yana ja maka rai ne don ya riƙa ganin ta. Kuma kowa ya san sai an tsayar da maganin tsinka jini kafin a taɓa mutum da ƙarfe."

Ranar haƙori na biyu Baba ya dawo gida da ƙaiƙayi a baki. Mai Kyamis ya ce ruwan ɗumi da gishiri shi ne maganin wannan. Baba ya kurkure, ya tofar, ya sake kurkurewa. Barkono tana shago ba ta sani ba. Da la'asar ta dawo ta tarar da gaban rigarsa ja wur, Umma, mahaifiyarta, tana riƙe da kwano tana salati.

Ta kira Likita, ya iso cikin minti ashirin. Ya danna sabuwar auduga, ya riƙe haɓar Baba da hannunsa har jinin ya tsaya. A bakin ƙofa Barkono ta tare shi.

"Ka kusa kashe min uba. An faɗa maka a tsayar da ƙwayar, ka ƙi, saboda taurin kai."

"Kurkure baki ya yi, gudan jinin ya fita. Na hana."

"Kullum laifin wani ne, kai ba ka kuskure. Kada ka ƙara turo min saƙo."

Ya ɗauki jakarsa. Bai yi fushi ba, wanda hakan ya ƙara tunzura ta. "Na ji. Amma ya ci gaba da shan ƙwayarsa."

Ita ce mai ba Baba magani kullum da yamma, ƙwayoyi huɗu a murfin kofi. Rigar nan mai jini ta ƙi barin idonta. Saura kwana biyar a cire haƙori na uku ta je wurin Mai Kyamis ta ce, "Yaya, da gaske in an tsayar da ƙwayar kwana biyar ba abin da zai same shi?"

"Kwana biyar? Ko kusa. Ni fa magani nake sayarwa."

Daga ranar ƙwayoyi uku take zubawa a murfin. Baba bai ƙirga ba, ya yarda da ita.

Da safen ranar aka ɗiga jinin yatsansa a na'urar gwaji. Likita ya duba, ya sake dubawa. Fuskarsa ta canza.

"Jinin nan kamar na wanda ba ya shan komai. Baba, ka daina ne?"

"Kullum ina sha. Tambaye ta."

Barkono ta sunkuyar da kai. Likita ya juyo gare ta.

"Kwana nawa?"

"Biyar."

Ba ta taɓa sanin yana da murya ba sai ranar. Ya cire tabarau ya buga a tebur. "Kwana biyar. Me na ce miki ranar farko? Kin ga jini a riga kin tsorata, sai kika zaɓi wanda ba a gani. Ki zage ni, ki rabu da ni, duk na ɗauka. Amma ki sa hannu ki cire abin da ke tsare ran mutumin nan?"

Baba ya yunƙura zai tare wa 'yarsa. "Kai yaro, 'yata kake…" Maganar ta narke a bakinsa. Gefen leɓensa ya zube, hannunsa na dama ya sulale daga kan kujera.

"Allurar ce," in ji Barkono. "Allurar kashe zafi ce, ko?"

"Ban yi masa allura ba tukuna."

Shi ya ɗauki Baba a hannu ya sa a keken marasa lafiya, ya tura shi da gudu zuwa sashen gaggawa, yana faɗa wa likitocin minti nawa da farawa da kwana nawa ba magani. Barkono na biye da su, takalmi ɗaya a ƙafa.

Allah ya taƙaita. Kafin azahar bakin Baba ya miƙe, hannun ya dawo. Likitan zuciya ya ce gargaɗi ne, ba kowa ke samun irinsa ba, ya mayar da shi kan magani. A gefen gadon Barkono ta durƙusa ta faɗa wa Baba komai.

Mai Kyamis ya zo dubiya da ledar lemo. A baranda ta tare shi, kuma abin da ta faɗa masa har masu shara sai da suka tsaya saurare. Bai sake zuwa gaisuwa ba.

Saƙon da ta tura wa Likita sau bakwai tana gogewa:

"Ni ce na yi kuskure. Ban saba faɗin wannan ba, don haka kada ka sa na maimaita."

Sai washegari ya amsa, ta kwana tana cika tana batsewa: "Har yanzu ina fushi, Barkonona. Amma fushin wanda ba ya son ya rasa ki ne. Ƙwaya nawa ne a murfin yau?"

Ta ɗauki hoto ta tura masa. Huɗu.

Bayan wata biyu, da izinin likitan zuciya, aka cire haƙori na uku, Baba yana kan maganinsa. Soso, ɗinki, auduga. Barkono ta leƙa ɗinkin, ta ga ya miƙe sarai, ta haɗiye yabon.

Baba ya kalli Likita, ya kalli 'yarsa, ya ɗaga yatsa. Da audugar a baki ya fara, "Yaro, game da maganarku da…"

"Baba, ba magana. Rabin awa."

Barkono ta zaro ido. "Ka san abin da zai ce kuwa? Ka bar shi ya ƙarasa."

"Ko mene ne, zai jira."

"Wallahi kai ba ka da hankali."

"Saura minti ashirin da tara."

Haka suka zauna su uku, agogon bango yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ta zauna, ta tashi, ta harare shi, ta harari agogon. Shi ma ta lura yana satar kallon agogon, amma bai rage ko daƙiƙa ba. Baba kuwa idanunsa sai dariya suke.

Lokaci ya cika. Likita ya zare audugar a hankali, ya haska fitila. Ramin a bushe, gudan jini ya zauna daram.

"Yanzu ka yi magana, Baba. A hankali."

"Gwada ka na yi," in ji Baba. "Da ka bar ni na ƙarasa, da na fasa. Shekara ashirin da shida ban ga wanda ya ce wa yarinyar nan a'a ya tsaya a kai ba, har ni. Ka turo manyanka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ka haƙuri, don za ka buƙace shi."

Barkono ta buɗe baki za ta mayar da martani, sai hawaye suka riga maganar fitowa. Likita ya ciro sabuwar auduga ya miƙa mata, ta fizge tana hararar sa, ta share ido.

Ranar ɗaurin aure da yamma, ana ta neman amarya za a tafi da ita, sai aka same ta durƙushe a gaban Baba cikin kayan da ta ɗinka da hannunta. Ta damƙa wa Umma murfin kofin, ta ce ta ƙirga da ƙarfi kowa ya ji. Umma ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai da Baba ya haɗiye ta huɗun sannan ta yarda ta tashi.