Layukan Alli a Jikin Tanki

A saman benen gidansu ta fara ganinsa, ya durƙusa gindin tankin ruwa da gam a hannu zai liƙe inda ke yoyo.

"Malam, dakata! Kada ka liƙe shi yau."

Mai gyaran famfon ya ɗago ya dubi budurwar da ta hawo tsani rungume da littafi. "Hajiya, shekarata tara ina wannan aiki, ba a taɓa kirana don in bar ruwa ya zube ba."

Ba ta yi dariya ba. Digiri na biyu take yi a lissafi, kuma tana neman abu na zahiri da za ta rubuta yadda yake canjawa da lokaci. Ta ce saurin fitar ruwa ya danganta da tsayin wanda ya rage a ciki, kuma ta riga ta lissafa a ɗakinta cewa awa shida tankin zai ƙare ƙaf.

"To, Malama," in ji shi, yana tara ganguna ƙarƙashin yoyon. "Ke riƙe biro, ni in riƙe alli."

Duk rabin awa sai ya leƙa ciki ya ja layi a jikin tankin. Ta lura layukan suna ƙara matsuwa yayin da suke sauka, daidai yadda takardarta ta ce. Ta lura kuma da tsabtar faratansa, abin da ba ya cikin binciken.

Da la'asar Dakta ya hawo, malamin da ke duba aikinta, wanda Abbanta ya daɗe yana yi mata sha'awarsa. A lokacin yoyon ya tsaya cak, ga kuma ruwa a ciki. Layuka uku na ƙarshe sun saɓa wa lissafinta.

"A cire su kawai," in ji Dakta. "Awon lebura ne."

"Ba zan goge ba," mai famfon ya ce a hankali. "Malama, daga gindin tanki kika auna. Hujin kuwa taƙi ɗaya yake sama da gindi."

Kunya ta kama ta har wuya. A gaban Dakta! Ta rufe littafi ta sauka ba sallama.

Sati uku ba ta amsa gaisuwarsa. Amma ba ta iya zama da lissafin da bai fita ba, don haka ta sake aunawa daga hujin. Layuka ukun nan suka zauna daram. Ta daɗe tana juya waya kafin ta rubuta:

"Mai Alli, kai ne da gaskiya. Kada ka saba jin haka daga bakina."

Ya amsa: "Malamata, na shafa wa layukan fenti tun ranar, kada ruwan sama ya wanke su kafin ki huce."

Daga nan hira ta buɗe. Wata rana ta tambaye shi ko son da yake mata ma irin tankin ne, farko da ƙarfi, ƙarshe ɗigo-ɗigo.

"A'a. Kin ce akwai wani lissafin, wanda yawan abu ke ƙara masa saurin ƙaruwa. Ki rubuta ni a wannan shafin."

Ranar da ta faɗa a gida cewa shi take so ta aura, Abba ya ajiye tabarau. Shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi, shi ya fara riƙe mata fensir.

"Na kai ki inda na kai ki, ki kawo mini mai kwance bututu? Ga Dakta?"

"Abba, ba zan yi aure ba da yardarka ba. Amma Dakta kam, ko shekara nawa ne, a'a."

Abba ya daina yi mata magana sai amsa gaisuwa. Gwaggonninta suka ce boko ya ɗaga mata kai. Dakta ya riƙe babinta na uku wata biyar bai duba ba. Ba ta yi kuka gaban kowa ba. Kullum da safe ita ke kai wa Abba ruwan zafin gasa gwiwarsa, ta ajiye ta fita. Shi ma Mai Alli bai sake taka gidan ba, ya ce ba zai shiga inda uba bai kira shi ba. Saƙo kawai yake turowa: "Ki ci abinci, Malamata. Ina nan."

Shekara da wata takwas aka yi a haka.

Da aka ɗaure kundin bincikenta, ta ajiye shi kusa da butar Abba. Kwana biyu bayan nan ya kira ta, yatsansa kan jadawalin awo.

"Waɗannan ukun na ƙarshe, da su aka gano kuskuren. Wa ya hana a zubar da su?"

Ta faɗa masa komai, har da wanda ya ce a cire.

"Yana sonki a lokacin?"

"Ya ce tun ina kan tsani."

"Kuma bai goge don ya faranta miki ba."

Abba ya miƙe da sandarsa. Umma na cewa gwiwarka, gwiwarka, amma sai da ya hau benen. Ya tsaya gaban layuka goma sha ɗaya na farin fenti, ya bi su da yatsa har ƙasa.

"Ɗalibai nawa na kora saboda sun murɗe awo," ya ce kamar da kansa yake. Sannan ya juyo. "Ki ce ya turo manyansa. Ki ce kuma famfon bayina yana ɗiga, na gaji da kiran wasu."

A nan ne hawayen da ta riƙe suka zubo.

Ranar ɗaurin aure Abba ya haɗa hannayensu cikin nasa. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari. Kai kuma ɗana, in ta yi kuskure ka ci gaba da faɗa mata."

"Abba, amma ba a gaban mutane ba," in ji amarya.

Ango ya sunkuyar da kai yana murmushi. "Na ɗauki wannan darasin, Malamata. Sati uku ya ci mini."