Sunayen da ke Ƙarƙashin Jibrilla

Aikin da bai kamata ya wuce awa ɗaya ba ne ya riƙe Ummu Salma a ofis har gab da magariba. Ƙungiyar agajin da take wa aiki a Jambutu tana kwashe bayanan 'yan gudun hijira daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, kuma da sassafe za a raba abinci da sabon jerin. Wanda babu sunansa a ciki babu shi a layi.

Tun azahar aikin yake cijewa a wuri guda. Teburin bayanai uku ne a sarƙe da juna: na magidanta, na iyalansu, da na katin tallafi. Wanda ya gina rumbun bayanan tun shekarar da aka gudo daga Mubi, Allah ya yafe masa, ya saita cewa in an goge magidanci iyalinsa su bi shi. Sai kuma ya sa teburin kati ya hana a goge duk wanda katinsa ke aiki. Wannan na ja, wancan na riƙewa. Ita kuwa sabuwar manhajar ta ƙi karɓar magidancin da aka rubuta ya rasu.

Oga Celestine ya kira ta sau huɗu. A na ƙarshe ya ce ta cire wannan takunkumi na kati ta goge mamatan kawai, ai mamaci ba ya cin shinkafa. Ta ce gara a fara raba iyalan da su. Ya ce an yi wannan tun bara, ta daina ɓata lokaci. Ga gajiya, ga yunwa, ga tsoron a wayi gari babu jeri. Ba ta duba ba. Ta cire takunkumin, ta danna.

Aka fara kiran salla a masallacin bayan ofis. Layuka suna ta wucewa a fuskar kwamfuta, ta miƙa hannu za ta ɗauki mayafinta.

Fanka ta tsaya. Fitila kuwa tana nan a kunne.

Sai wari ya shigo. Hayaƙin ciyawa, gumin da ya kwana uku a jiki, da tayar keke da ta sha rana. Gabanta ya faɗi, don ta san wannan warin, kuma shekara tara ba ta ji shi ba.

A baranda wani abu yana tahowa a hankali. Ƙis. Ƙis. Ƙis. Ƙarar sarƙar keken da ake turawa. Ita da hannunta ta kulle ƙofar gaba.

Ta dubi allon. Gudun layukan ya ragu, ya tsaya a kan suna ɗaya: Jibrilla Hamajoɗa, ya rasu. Waɗanda ke ƙarƙashinsa, ashirin da uku.

Sunan farko ya ɓace. A bayanta ta ji takun ƙafa ba takalmi, ya nufi ƙofa, ya fita. Na biyu ya ɓace. Wani takun ya bi shi.

Keken ya tsaya daidai bayan kujerarta.

"'Yata," in ji muryar, ƙasa-ƙasa, kusa da kunnenta. "Ina za ki kai su?"

Baffa Mai Keke ne. Mutumin da ya riƙa tsintar yaran da suka ɓace wa iyayensu a hanyar Mubi, yana ɗora ƙananan a keke, manyan suna biye da shi. A sansani takardar rajista ba ta karɓar yaro sai da magidanci, sai aka rubuta su duka a ƙarƙashinsa. Ba wanda ya taɓa kiran sunansa, ko a bayan idonsa, don yaro ba ya faɗin sunan wanda ya zama masa uba. Har ya rasu ba ta san sunansa Jibrilla ba.

Tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Tana cikin manyan.

Ta gangara da ido ƙasan jerin. Ga sunanta, na uku daga ƙarshe.

Umarnin da ta ba kwamfutar sai ya kai ƙarshe yake tabbatar da gogewar. In ta tsayar da shi yanzu, komai zai dawo. Ta kai hannu, amma yatsunta ba sa jin maɓallan. Ta fara Ayatul Kursiyyu, ta kai tsakiya, sauran ya ɓace mata. Ta nemi sunan mahaifiyarta a ranta, ba ta same shi ba.

Saura shida.

"Baffa, ban sani ba," ta ce, tana kuka. "Wallahi ban sani ba."

Saura huɗu.

Wani hannu mai sanyi, mai kanta, ya kama wuyan hannunta ya danna shi a kan maɓallan. Sai yatsunta suka ji su. Ta tsayar da umarnin, ta rubuta na mayar da komai baya, harafi ɗaya-ɗaya.

Takun ƙafafu suka dawo a guje, suka cika ɗakin, suka yi tsit. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Ta fita ba takalmi. Sai da mai gadi ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin ƙofa ta yarda ta koma. Ta mayar da takunkumin, ta bi kowane mamaci ta raba shi da mutanensa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta goge. Da ta zo kan Baffa, kafin ta raba, ta ƙirga na ƙarƙashinsa sau biyar. Ashirin da biyu. Ta buɗe ajiyar bayanan jiya, ashirin da biyu. Ta ɗauko tsohon fayil na takarda: layi ashirin da uku, ɗaya babu rubutu, sai ɗan tambarin yatsa a gefe.

Limamin unguwarsu ya ce mamaci ba ya dawowa, aljani ne ya ari muryarsa. Ba ta yi masa musu ba.

Da safe a wurin rabo ta ga Mama Rebeka, wadda ta riƙe ƙananan cikin yaran bayan rasuwar Baffa. Ta tambaye ta yara nawa ne a wajenta. Mama Rebeka ta ce huɗu, tun farko ma huɗu ne. Ta ɗora buhunta a ka, ta yi taku biyu, sai ta juyo.

"Amma 'yata, jiya da dare kwano biyar na zuba. Na tsaya ina ta kuka a kan na biyar ɗin, ban san na wa ba ne."