Gadon Bakin Bayi

A ɗakin mata na asibitin gwamnati wani mai walda ya fara ganin wata sabuwar nas, ranar da aka kwantar da innarsa a gadon ƙarshe, bakin bayi.

Ka'idar ɗakin ba a ɓoye take ba. Wanda ya san wani, gadonsa na kusa da teburin nas-nas. Wanda bai san kowa ba, sai can ƙurya. Daga teburi ake fara zagaye, kafin a iso ƙurya an gaji.

Ita sabuwar nas ɗin sai ta turo keken magani har ƙarshe, ta fara da Inna.

"Kin yi ɓatan kai ne?" ya tambaya.

"Kai dai ɗaga min hannunta, sarkin tsiya."

Inna ta yi dariya har da tari. "'Yar nan, Allah ya ba ki miji nagari. Ga wani nan, sai dai baƙin hannu."

Daga ranar yake kiranta Fitila.

Shugabar nas-nas gwaggonta ce, ita ta raine ta. Ta kira ta ofis.

"Matar babban mutum na jira, ke kina ƙurya? Kuma mai walda? Ba da raina ba!"

Washegari bai ga Fitila ba, jibi ma haka. Ya tura mata saƙo: "In kin gaji da mu, ki faɗa."

Ta amsa: "Haba abin ƙaunata. Gwaggo ce ta mayar da ni ɗakin yara. Ka kula da ruwan da ake ƙara wa Inna, kar ya ƙare."

Ya ƙare kuwa, numfashinta ya canja. Ya je teburi, aka ce ya jira layi ya zo kansu. Kafin layin ya zo, Inna ta cika.

Gwaggo ce da kanta ta rufe mata ido. Ta daɗe tsaye a kanta.

Ranar ta'aziyya Gwaggo ta zo, ta zauna bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Ba zan ce ka yafe ba," in ji ta. "Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure ba kiɗa. Jama'a na ta sa albarka, ango na kallon tabarmar Inna.

Fitila ta kama baƙin hannun nan. "Ai Inna ta riga kowa sa mana albarka."

Yanzu a ɗakin asibitin, daga bakin bayi ake fara zagaye. Gwaggo ke tura keken. Allah ya jiƙan Inna, ya ba su zaman lafiya.