Injin Baba Kunne

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safiyar Lahadi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a ɗakin janareta na gidan ƙanƙara. Sufeto ya ture kofin shayinsa gefe, ya ɗauki hula, ya ce wa Saje ya fito da mota.

Ɗakin ƙarami ne, mai rufin kwano, har lokacin yana huci. Wani tsohon janareta mai silinda shida ya cinye rabinsa. Ruwa mai tsatsa ya malale a ƙasa. Dattijo na kwance rigingine kusa da ƙarfen da injin ke zaune a kai, fuska da ƙirji duk sun ƙone, ƙeya ta fashe. Akwai tsumma a hannunsa na dama. Murfin lagireto kuwa, wato tankin ruwan da ke sanyaya injin, yana can gindin bango.

"Wane ne?" Sufeto ya tambayi mai kamfanin, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa.

"Bakanikenmu ne, yallaɓai. Baba Kunne ake ce masa, don da kunne yake gane ciwon inji. Shekara talatin yana tare da mu."

Saje ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, ai wannan tsautsayi ne. Ya buɗe murfi inji na tafasa, tururi ya watsa masa, ya faɗi ya bugu."

"Shekara talatin yana aikin nan, sai yau ya manta ba a buɗe lagireto da zafi?"

Sufeto ya duƙa gaban agogon da ke nuna zafin inji. Injin ya fi awa guda a mace, amma allurar tana nan kan tamanin, inda lafiyayyen inji ke tsayawa. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ko motsi. Da ya haska fitilar waya sai ya ga ɗigon gam a gindin allurar.

"Saje, kira bakanikenmu na bariki. Kada kowa ya taɓa injin nan."

A ofishin kamfanin, Sufeto ya zauna gaban mai kamfanin ba tare da an ce ya zauna ba.

"Yana aiki ran Lahadi?"

"A'a, ranar hutunsa ce. Ni kaina ban san abin da ya kawo shi ba."

Sufeto ya ciro wata ƙaramar waya da aka samu a aljihun mamacin, ya danna lambar ƙarshe da ta kira. Wayar mai kamfanin ta fara ruri a kan tebur.

Mutumin ya share gumi. "Ni na kira shi. Aka ɗauke wuta da tara, muka tayar da inji, na ji ƙarar ta canza. Na kira wayarsa sau uku, a kashe. Sai na kira ta matarsa."

"To me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Tsoro, yallaɓai. Likita ya hana shi aiki, zuciyarsa ce. Mako uku da suka wuce 'yarsa ta kawo mini takardar asibiti har nan, tana roƙona in sallame shi. Na yi masa magana. Ya ce shi da injin nan tare suka tsufa, ranar da injin ya buga, ranar zai ajiye sifana." Ya sunkuyar da kai. "Ni ma, gaskiya, ban matsa ba. Babu mai iya lallaɓa injin sai shi."

Bayan azahar bakaniken bariki ya gama kwance abin da zai kwance. Ya kira Sufeto, ya miƙa masa wani dunƙulen roba baƙi.

"A cikin tiyon ƙasa na same shi, wanda ke mayar da ruwa daga lagireto zuwa inji. An toshe hanya. Ruwan cikin inji yana ta tafasa, na lagireto yana zaune. In ka taɓa jikin lagireton daga ƙasa, sai ka ji shi lafiya lau."

"Marigayin ya duba agogo ya ga daidai, ya taɓa ya ji ba zafi," in ji Sufeto.

"Sai ya buɗe ya ga ko ruwa ne ya yi ƙasa. Ni ma abin da zan yi ke nan." Bakaniken ya nuna wata waya da aka cire, aka naɗe bakinta da tef tsaf-tsaf. "Ga kuma wannan. Ita ce ke kashe injin da kanta in zafi ya wuce ƙima. Ba daga kamfanin da ya ƙera injin ta zo ba, ƙari ne aka yi. Haka fankar, haka lagireton, duk an sake musu tsari. Wanda ya yi aikin nan gwani ne. Kuma wanda ya lalata shi ya san inda kowace waya ta bi."

"Minti nawa aikin toshewar zai ci?"

"Awa guda. Sai an juye ruwa, a sa robar, a sake cikawa."

Famfon da ake ɗiban ruwa yana jikin rumfar mai gadi. Sufeto ya samu mai gadin, wani tsoho, zaune a kan benci, idanunsa jajir.

"Baba, wa ya shiga ɗakin inji jiya?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"An ɗebi ruwa a famfon nan, bokiti ya kai shida. A gabanka."

"Ban ga kowa ba."

"Ka san in ka rufa wa mai laifi asiri, kai ma za ka shiga ciki?"

Hawaye ya gangaro wa tsohon cikin gemu. "Ku tafi da ni ɗin. Ban ga kowa ba."

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Ya sha ganin masu ƙarya don tsoro da masu ƙarya don an saye su. Wannan bai yi kama da ko ɗaya ba. Ya ƙyale shi.

Washegari da hantsi suka je gidan mamacin. Matar na zaune a falo, mata biyu sun sa ta a tsakiya. Sufeto ya cire hula ya yi gaisuwa, sannan ya miƙa mata wayar.

"Mama, wannan taki ce?"

"Tawa ce, ɗan nan. Da ita ya fita, don a same shi."

"Ina tasa?"

"Auta ce ta ɓoye. Da wayar da makullin babur, tun daren Asabar. Ta ce Mama, gobe ko me za a yi, kada ki bar Baba ya fita. Ta tafi sayo masa magani ke nan, aka kira tawa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Na riƙe masa riga, ya ce minti goma kawai. Da ƙafa ya tafi. Yarinyar nan kamar ta sani, wallahi kamar ta sani."

"Ta saba ɓoye masa makulli?"

"Ba ta taɓa ba sai ranar."

Saje ya dubi Sufeto. Sufeto bai dube shi ba.

"Tana ina, Mama?"

"Tana ɗakin kayan aikin babanta. Tun jiya ta ƙi fitowa."

Ɗakin yana bayan gida. Sifanoni a jere jikin bango bisa girmansu. Sama da tebur an manna wani babban zane na inji, an ja hanyar ruwa da shuɗi, wayoyi da ja. Wata mata mai kimanin shekara ashirin da takwas na zaune a kan akwatin ƙarfe, rigar aikin mahaifinta a cinyarta.

"Ke ce Auta?"

"Ni ce. A wurin aiki Injiniya suke ce mini."

"Wa ya yi zanen can?"

"Ni. Aikin kammala karatuna ne. Injin yana yawan zafi, muka faɗaɗa lagireto, muka canza fanka, muka sa masa abin da zai kashe shi. Ni da Baba, wata huɗu."

"Bayan ku biyu, wa ya san inda wayar nan ta bi?"

"Ban sani ba. Kowane bakanike zai iya ganowa."

"Namu ya yi awa biyu kafin ya gano. Ina kike ranar Asabar da yamma?"

"Wurin aiki."

Sufeto ya ajiye dunƙulen robar a kan tebur. Ta kalle shi sau ɗaya, ta kawar da kai.

"Mai gadi ya ce a kulle shi, ya fi masa sauƙi da ya faɗi sunan wanda ya gani," in ji Sufeto a hankali. "Tsoho ne. In na koma hannu wofi, shi zan ɗauka."

Ta ƙanƙame rigar.

"Ku ƙyale shi. Shi ke goya ni ina ƙarama, in Baba yana ƙarƙashin inji. Na ce masa man inji zan canza."

Saje ya buɗe littafinsa.

"Likita ya ce in ya ci gaba da shiga ɗakin zafin nan, ba zai ga baɗi ba. Sau biyu yana faɗuwa, Mama ba ta sani ba. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi fushi. Sai ya yi dariya ya ce, Injiniya, sai injin ya riga ni." Ta ɗago ta dubi Sufeto. "Sai na ce to bari injin ya riga shi. Na lissafa komai. Minti arba'in zai yi ya buga, ba ya gyaruwa, Baba yana gida yana shan shayi. Na manne agogon don kada wani ya gani ya kashe."

"Wayar mahaifiyarki fa?"

"Ita ce ban lissafa ba." Ta kifa fuska a cikin rigar. "Baba ne ya koya mini. Ya ce kunne yana iya ruɗinki, amma ki yarda da agogo. Ya yarda da agogona, yallaɓai. Nawa ne, ni na haɗa masa shi."

Alƙalamin Saje ya tsaya.

"Dole ki biyo mu," in ji Sufeto. "Zan rubuta yadda kika faɗa, ba ragi ba ƙari. Sauran na kotu ne."

Ta ninke rigar, ta ajiye a kan tebur, ta miƙo hannayenta. Saje ya kai hannu ga ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai.

Suna juyowa suka ga uwar a bakin ƙofa, ta dafa bango. Ba su san tun yaushe take tsaye ba.

"Mama..." in ji Auta.

Uwar ba ta dube ta ba. Sufeto ta duba.

"Ɗan nan, su biyu ke gare ni a duniya. Jiya ɗaya, yau ɗaya?"

Matar ta matsa gefe ta ba su hanya. Da Auta ta zo wucewa, sai ta kamo ta, ta gyara mata mayafin da ya zame, ta sake ta, ta juya fuskarta ga bango.

Saje ya buɗe wa Auta ƙofar mota, suka nufi ofis.